Wutsiyar Fim

Auta ba ta san fuskar mahaifiyarta ba. Tana goye aka yi rashin. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ubanta mai ɗaukar hoto ne, rabin unguwa sun zauna a kujerar shagonsa sun gyara wuyan riga, amma babu hoton matarsa ko ɗaya a takarda. An ce akwai wani ɗan ƙarami na katin asibiti, dangin uwa suka tafi da shi, a hannunsu ya ɓace.

Abin da ya rage shi ne wani gwangwanin biskit a saman kabad, cike da guntayen fim na baƙi da fari.

Wata ɗabi'a ce ta Baba ta tara su. A zamanin da yake aiki da fim, yakan ɗauki masu zuwa shago har naɗin ya kusa ƙarewa, ya rage gurbi ɗaya ko biyu, ga mutane suna jiran a wanke musu nasu. Shi kuma ba ya son gurbin ya tafi a banza. Sai ya juya kyamara wajen ƙofar baya, wadda ke buɗewa zuwa inda suke zaune, ya ɗauki matarsa a duk halin da ya same ta, tana shanya, tana tsefe kai, ko tana yi masa faɗa. Idan ya wanke fim ɗin ya bushe, sai ya sa almakashi ya datse ƙarshen ya jefa a gwangwani. Wutsiya yake ce musu. Kullum maganarsa ita ce in ya samu sarari zai buga su a takarda. Tana nan, yana nan, gaggawar me ake yi. Da ta rasu kuma sai ya kasa ko buɗe murfin.

Auta ce ke buɗewa. Tun tana ƙarama takan taka kujera ta sauko da gwangwanin idan Baba ya fita, ta ɗaga guntayen ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. A jikin fim komai a juye yake, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Don haka uwar da ta sani mace ce mai farar fuska fat, da baƙaƙen haƙora, da idanu kamar an ɗiga tawada, dukanta ba ta wuce girman ƙumba ba. Ta yi ta ƙoƙarin juya hoton a cikin kanta, ba ta taɓa iyawa ba.

Ta tambayi mutane. Gwaggo ta ce goshin ne kawai ta ɗauko. Maƙwabciyarsu ta ce ita da marigayiyar kamar an tsaga kara. Yayanta, wanda ya riga ya yi wayo lokacin rasuwar, yakan ce Mama kyakkyawa ce, shi ya gaje ta, Auta kuwa hancin Baba aka bar mata don shi ne ba wanda ya so. Baba shi kaɗai ne ba ta taɓa tambaya ba, har ya tafi.

Bayan rasuwarsa mai gidan ya nemi shagonsa da ɗakunansa. Auta tela ce, tana da keke a wani shagon ɗinki a bakin titi, ba ta da aure, don haka aka shirya ta koma wajen Yaya, ya ba ta ɗakin da ke kusa da kicin. Suna kwashe kaya Anti, matar Yaya, ta buɗe gwangwanin ta yi saurin kawar da kai. Wani tsami ne ya taso mai hawa kai, wasu guntayen sun fara lanƙwashewa, wasu suna manne wa juna. 'Yarsu tana da asma, ko turare ba a kunnawa a gidan. Anti ta ce, cikin lallashi, ita fa komai na Baba za ta karɓa amma wannan warin ba zai shiga mata ɗaki ba. Auta ba ta ga laifinta ba.

Mutumin da ya zo sayen tsofaffin fitilun shagon shi ya ce musu fim ɗin ya fara ruɓewa ne, ba ya kuma tsayawa idan ya fara. Ya ce yanzu a garin ba mai buga irin wannan a takarda, amma akwai na'ura, sikana, da ke karanta fim ta mayar da shi hoto a kwamfuta, ta juya shi daidai. Ya kwatanta mata shagon wani da ake kira Injiniya, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu.

Auta ba mai son shiga irin waɗannan shagunan ba ce. Ta wuce ƙofar ta dawo, ta sake wucewa, sai da Injiniya ya leƙo ya ce in titin take aunawa ya riga ya auna, bai ƙaru ba. Ta shiga tana jan bakin mayafi.

Shagon ƙunci ne, wayoyi sun sauko daga rufi kamar igiyar shanya. Ya sauko mata da na'ura biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya mai faɗi ce, mai murfi, irin ta kwafin takardu, a shimfiɗa fim a kan gilashi. Ya ce wannan tana aiki, ba ta da wani iyayi, abin da ta gani shi za ta ba ka, da ƙurarsa da ƙarzunansa. Ɗayar ƙarama ce mai nauyi, tana da baki a gaba da ake tura wani mariƙi na roba bayan an maƙala fim a ciki.

"Wannan kuma, ƙanwata, surukar gida ce," in ji shi. "Ba abin da take tsana irin datti."

Ya ciro wani fim mai kala na ranar aurensa, duk ya sha yatsu, ya tura. Hoton farko ya fito da ɗigo-ɗigo da wani gashi kwance a goshin amarya. Ya sa alama a wani ɗan akwati a gefen allon kwamfutar ya sake turawa. Na'urar ta yi ƙara ta daɗe, sai ga amarya tas, kamar yanzu ta fito daga wanka. Ya ce wani haske ne a ciki da ido ba ya gani, shi ke nemo ƙura ya share ta, ya cike gurbin da launin da ke kusa.

Auta mace ce da ba ta miƙa wa mai kaya ɗinki sai ta bi shi da farce ta tsince duk wani ɓurɓushin zare. A wajen aiki har tsokanarta ake yi, wai da za a bar ta da ta tsince gashin girar masu kawo ɗinki. Ta tuna yatsunta na yarinta da suka yi ta damƙar guntayen nan, da maiƙo da ƙasa. Ta ji kunya ta kama ta. Uwarta za ta fito gabanta karon farko, ba ta so ta fito da datti a fuska. Ta nuna ƙaramar.

Ya tambaye ta fim ɗin wane iri ne, ta ce tsoho ne. Ya ce ai tsoho shi ya fi bukatar wanka. Ya saita mata komai a kwamfutar da ta aro wajen Yaya, ya bar alamar a cikin akwatin, ya ce kada ta taɓa komai, ta tura kawai ta danna.

Haka ta yi ta yi. Idan ta tashi daga ɗinki da la'asar sai ta biya tsohon shagon Baba, wanda ya koma fayau, sai labulen bango mai zanen teku da ba wanda ya saya. Ta buɗe ƙofar baya don iska, ta zauna a ƙasa, ta raba guntayen da suka manne a hankali, ta maƙala, ta tura. Kowane hoto yana fitowa a gefen allo ɗan mitsitsi. Daga nesa tana ganin mace ce, baƙa, ga igiyar shanya, ga bakin ƙofa. Ta san idan ta danna shi zai buɗe ya cika allon. Ba ta danna ba.

Sau da yawa yatsanta ya je ya dawo. Ta ce a ranta ba a nan ba, ba a cikin ƙura da tsami ba, ita kaɗai a kan siminti. Sai ta gama duka, sai an tare, sai ta yi wanka ta zauna kusa da Yaya, ya ce mata ga ta nan. Har wani ƙyalle ta samo ta rufe rabin allon don kada idonta ya yi mata sata.

Ranar tashi motar shara ta tsaya a bakin layi, ana ta watsa mata tarkace. Yaya ya fito da gwangwanin a hannu, ya miƙe shi nesa da hancinsa.

"Madam tela, wannan fa?"

"Na gama da su."

"Kin duba sun shiga?"

"Duk suna ciki, Yaya."

Ya tsaya yana juya gwangwanin. Ya ce ko a bar shi a wajen wani, ta ce wa zai karɓi wari. Ita da kanta ta karɓa, ta riƙe shi a ƙirji ɗan lokaci, ta miƙa wa mai shara. Ta ji ƙararsa da ya faɗa cikin motar. Ba ta yi kuka ba, don gani take ta riga ta kwashe abin da ke ciki.

Sai da aka kwana biyu da tarewa, ranar da ba aiki, bayan an ci abincin rana, sannan ta shirya buɗe hotunan. Ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta ba ta taɓa sawa ba. Yaya ya ce wane saurayi ne zai zo ganinta, Anti ta ce ya rufa wa yarinya baki. Suka zauna a falo su uku, kwamfutar a kan ƙaramin tebur, aka ja labule don hasken taga. Auta ta ce Yaya ya danna, hannunta ba zai iya ba.

Hoton ya cika allon. Ga igiyar shanya, ga bokiti, ga mace tsaye ta juyo. Inda fuska take kuwa kamar an shafa yatsa a kan ɗanyen fenti. Babu idanu, wasu dunƙule-dunƙule ne masu toka. Bakin ya narke ya haɗe da haɓa. Duk inda haske ya taɓa, goshi, karan hanci, haƙora, an goge an cike da wani abu mai kama da laka.

Yaya ya ce wataƙila wannan ne ya lalace, ya wuce na gaba. Tana zaune tana tsefe kai, fuskar haka. Na gaba, tana leƙowa ta ƙofa, haka. Ya yi ta dannawa, tun yana cewa bari a ga na gaba har ya daina magana, sai ƙarar maɓallin kawai. A wani ana gane dariya take yi, don kafaɗunta sun ɗaga, kanta ya koma baya. Dariyar ce babu.

Anti ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba.

Yaya ya ɗauki makullin babur ya fita. Sai yamma ya dawo, takalmansa sun yi baƙi har idon sawu. Ya je jujin bayan gari. Ya ce tudu ne bayan tudu, an yi ruwa a kai, mota tana ta turawa, masu tsince-tsince sun ce gwangwani ba ya kwana a wurin, abin da ke ciki kuwa zazzagewa suke yi. Ya wanke ƙafa a bakin famfo ya daɗe yana wankewa. Bai ce mata ai na tambaye ki ba. Da ya faɗa da ta fi samun sauƙi.

Washegari ta naɗe na'urar da kwamfutar a zani ta kai wa Injiniya. Ba faɗa ta je yi ba, ba ta ma iya ba. So take a gaya mata ko hotunan na gaskiya suna ɓoye a wani wuri a ciki. Ya tarye ta da wasa, ya ce surukar ta yi yaji ne. Da ya ga fuskarta ya bar wasan. Ta buɗe masa hoto ɗaya. Ya matso da ido, ya ja baya, ya ce bai taɓa ganin ta yi haka ba.

Ya jawo mariƙin robar don ya duba, sai ga guntun fim ɗaya maƙale a ciki. Na ƙarshe ne da ta tura ranar da ta gama, ta manta ba ta cire ba.

Auta ta dafa tebur.

Ya hura shi a hankali ya mayar ya tura. Ya fito a dame kamar sauran. Ya canza wani abu ya sake, haka. Ya goge gilashi, ya canza waya. Can ya tsaya yana kallon ɗan akwatin nan mai alama, ya cire alamar, ya tura. Wannan karon na'urar ba ta daɗe ba.

Ya ga abin da ya fito, ya juya allon gefe kafin ta gani da kyau, ya ɗauki waya ya kira wani tsohon abokin aikinsa. Ya yi ta sauraro yana cewa to, to. Da ya ajiye sai ya zauna a kan kwali. Ya ce mata, yana kallon ƙasa, ashe hoton baƙi da fari shi kansa da ƙura aka yi shi, garin azurfa ne mai laushi a kwance a jikin fim. Mai kala ba haka yake ba, shi ya sa na aurensa ya fito tas. Hasken nan mai neman datti ba ya bambance azurfa da ƙura. Duk inda ya ga ta taru sai ya share. Ya rantse bai sani ba, shi masu kala kawai ya taɓa turawa.

"Amma ba komai, ƙanwata," ya ce, muryarsa ta ɗan saki. "Fim ɗin bai taɓu ba, na'urar ba ta cin sa. Ki kawo sauran kawai, ni zan sake miki duka da hannuna."

Ya ɗago ya dube ta.

"Suna gida, ko?"

Ta girgiza kai. A waje wani yana ta danna hon, wani mai gyaran waya yana kiran Injiniya ya ara masa abin kwance noti, bai amsa ba.

"Nuna mini wannan ɗin," ta ce.

Ya juyo da allon.

Hoton ya fito garau, har ana iya ƙirga zaren labulen ƙofa. Mace ce a tsaye kusa, kusa ƙwarai, ta ɗaga hannu ta tare kyamara. Tafin hannun ya cika tsakiyar hoton, da layukansa, da wani ɗan tabo a gindin babban yatsa, da jiƙar ruwa tana sheƙi. Ta bayan yatsun ana ganin kunne ɗaya da ɗan kunne ƙarami, da gefen ɗankwali, da ƙarshen baki can a kusurwa, ya ɗan ja sama. Sauran duk hannun ya rufe.

Auta ta matsa ta leƙa ta gefe, kamar mai son ganin bayan hannun, sai ta gane abin da take yi ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Idonta na tela ya sauka a bakin hannun rigar, ta ga kalmasar da hannu aka yi ta, ɗinkin ya tafi daidai sannan ya karkace, kamar an kira mai yin ta daga wani ɗaki.

Akwai wani siririn gashi da ya gitta hoton daga sama, da ɗigon ƙura nan da can. Injiniya ya ce waɗannan zai iya cire mata su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ba zai taɓa komai ba.

"A bar su," ta ce.

Ya buga mata a takarda babba. Ya sa guntun fim ɗin a wata 'yar farar takarda ya ninke, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta samu Yaya a tsakar gida yana gyaran birkin babur. Ta miƙa masa hoton. Ya goge hannu a wando ya karɓa ta gefe-gefe. Ya ce tabon nan wuƙa ce, yana wurin aka yi. Ya ce haka take yi wa Baba kullum, ta ce ya bar ɓata fim a kanta, mutane na jira. Ya yi 'yar dariya.

Auta ta tsuguna kusa da shi. Ta sa yatsa a gefen hannun da ke hoton.

"Yaya, gaya mini abin da ke bayan nan. A hankali. Fara daga idon."

Ya rufe ido. Ta jira. Ta ga goshinsa ya tattare, leɓensa yana motsi. Da ya buɗe bai dube ta ba.

"Da ina ganinta," ya ce. "Ko ba sosai ba, ina ganinta. Tun jiya in na rufe ido waccan ce ke zuwa, ta cikin kwamfutar."

Suka zauna a wurin, babur a tsakaninsu da tayarsa ɗaya a kwance. Anti ta fito da bokiti, ta gan su, ta ajiye. Ta zo ta tsaya a kansu tana kallon takardar. Sannan ta lura da 'yar farar takardar da Auta ta damƙe, ta tambaya ko guntun fim ɗin ne. Auta ta ce a wajen aiki za ta ajiye shi, a aljihun keke, ba zai shiga ɗaki ba.

Anti ta ce guntu ɗaya wane wari zai yi. Ta shiga ta wanko wata ƙaramar kwalba mai murfi, ta goge ta da gefen zaninta, ta ɗaga ta a rana ta ga ta bushe, ta miƙo.